Cutar Da Ta Zama 'Yar Gida

Akwai wata tambaya wadda ta cancanci ko wane mai hankali ya zauna ya yi mata tunani. In ɓarna ta daɗe tare da mutane har suka daina ganinta ɓarna, akwai laifi a kansu? In kuwa wani ya zo ya nuna musu ita, mene ne ya hau wuyansu daga wannan rana? Tambayar ta shafi zaman gida da kasuwa da ofis, amma a nan za mu dube ta a kan abin da kowa ya sani a ƙasar Yauri, watau ganyen gyaɗa, da lawashin albasa, da ganyen da a ke jiƙa wa majiyyaci.

Duk wanda ya bi hanya daga Yelwa zuwa Bin Yauri, ko ya ratsa gonakin tudu na wajen Shanga da Wara a watan Agusta da Satumba, ya san yadda gyaɗa ta kan koma. Da fari sai ka ga ɗigo-ɗigo masu duhu a ganyen ƙasa. Bayan 'yan kwanaki sai su yi girma, su haɗu da juna, su hau zuwa ganyen sama. Daga nan ganye ya yi rawaya ya kakkaɓe, a bar kara tsirara a kan kunya. In ka tambayi masu gonaki, da yawansu za su ce maka, "Ai gyaɗa ce ta nuna, tana kira a cire ta." Ba a nan kaɗai a ke faɗin haka ba, gama masu binciken aikin gona sun ji irin wannan magana a bakin manoman arewacin Gana da na waɗansu ƙasashen Afirka. To, abin nan da a ke kira nuna cuta ce, cuta kuwa mai cin dukiya.

Mene ne tabon?

Kowa ya san fumfuna, wadda ta kan fito a kan tuwon da ya kwana biyu a rufe, ko a kan takalmin fata da damina. Fumfuna abu ne mai rai. Tana ci, tana girma, tana kuma da iri kamar yadda gero ya ke da iri, sai dai nata ya fi ƙura ƙanƙanta, ido ba ya ganinsa sai an sa madubin likita. Danginta suna da yawa ƙwarai. Waɗansu ruɓaɓɓen abu su ke ci, waɗansu kuwa ɗanyen ganye, kuma galibi ko wace tana da shukar da ta ke bi. Ta gyaɗa ba ta kama albasa, ta albasa ba ta kama shinkafa.

Irin fumfunar gyaɗa ya kan yi rani a cikin busasshen ganyen bara da ya zube a gona, da kuma jikin gyauro. In damina ta sauka, ruwa ya kan fantsama da shi kan sabon ganye, iska ta ɗauki wani ta kai nesa. Muddin ganye ya daɗe a jiƙe, ko da ruwa ko da raɓa, sai ƙwayar ta tsiro ta kutsa ciki. Ta kan yi kwana goma zuwa mako biyu tana ci a ɓoye kafin tabo ya bayyana, sa'an nan ko wane tabo ya haifi sabon iri mai yawa, a sake daga fari. Cutar iri biyu ce. Ta fari ta kan fito wajen wata guda bayan shuka, tabonta ƙasa-ƙasa ne da kewaye rawaya. Ta baya ta fi baƙi, in ka juya ganye za ka ga irinta a jere a bayansa.

Ganye shi ne madafar shuka. A cikinsa a ke haɗa hasken rana da ruwa da iska a yi abincin da ya ke sauka ƙasa ya cika ƙwanso. In madafa ta rushe tun abinci bai gama dahuwa ba, ina za a sami ƙoshi? Shi ya sa gyaɗar da ta kakkaɓe da wuri ta kan ba da ƙananan 'ya'ya marasa nauyi, kuma ƙwanso da yawa ya kan tsinke ya zauna cikin ƙasa wajen cira. Harawa ma ta tafi, domin kara ba ganye ba harawa ba ce. A cibiyar binciken aikin gona ta Samaru kusa da Zariya, wadda aka fara a 1922 ta kuma shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, an sha gwada wannan abu. A kan raba fili biyu, a fesa wa ɗaya magani a bar ɗaya, sa'an nan a auna amfanin ko wane. Abin da aka gano a can da sauran ƙasashe masu noman gyaɗa shi ne, in shekara ta yi wa cutar daɗi tana iya cinye har rabin amfanin gona, in kuma tsatsar ganye ta haɗu da ita ya fi haka.

Ainihin alamar nunar gyaɗa kuwa tana cikin ƙasa. A tumɓuke gindi biyu ko uku, a fasa ƙwanso a duba. In cikin ɓawon ya yi duhu, ƙwaya ta cika shi, to ta nuna, ko da ganyenta kore ne shar.

Asarar da ba ta shiga littafi

Yaya aka yi ɓarawo mai ɗaukar rabin gona ya zauna da mu shekara da shekaru ba a yi masa ihu ba? Wanda ya taɓa riƙe littafin kuɗi ya san amsa. In kuɗi sun shiga akwati aka rubuta su, sa'an nan suka ɓata, ranar bincike dole a gane, gama lissafi ba zai daidaita ba. Amma in an tare su a hanya tun ba su iso ba, littafi zai fita sumul, mai bincike ya sa hannu ya tafi. Haka tabon ganye ya ke. Ba ya taɓa abin da ke cikin rumbu. Abin da ya kamata ya shiga rumbu shi ya ke tarewa. A ce gonar mutum tana iya ba da buhu goma, ya sami shida. Shida ɗin ya gani, shida ya ƙidaya, a kansu ya yi godiya. Huɗun da suka rage bai taɓa sa su a ido ba, balle ya yi kukan rashinsu.

Masifar da ta zo da hayaniya kowa ya kan gane ta. A 1975 wata cuta daban, wadda ƙananan ƙwari masu tsotson ruwan ganye su ke yaɗawa, ta murƙushe gyaɗa a wajen hekta 700,000 a arewacin Nijeriya. Wannan shekara dattawa ba su manta da ita ba, tana kuwa cikin dalilan da suka kawo ƙarshen dalar gyaɗa a Kano. Tabon ganye ba ya zuwa haka. Ko wace shekara yana nan, kuma a gonar kowa. Mutum ya dubi ta maƙwabcinsa ya ga tabo, ya dubi ta surukinsa ya ga tabo, ya tuna ta mahaifinsa ma haka ta ke, sai ya ce halittar gyaɗa ke nan. Ba a gane karkataccen layi sai an sa miƙaƙƙe kusa da shi, a nan kuwa ba a sami miƙaƙƙen ba. Gaskiyar masu iya magana da suka ce sabo turken wawa. Sai dai wannan turke har mai wayo ya kan ɗaure.

Laifin wa?

Kada mu yi gaggawar raina na gaba. Kakanninmu ba su da madubin likita, kuma abin da suka gani da ido gaskiya ne: tabon ya fi yawa sa'ad da cirar gyaɗa ta gabato. Sun ga abu biyu suna zuwa tare, suka zaci ɗaya ne ya haifi ɗaya. Turawa ma haka su ke a da. Sun daɗe suna zaton shuka ce ta kan yi rashin lafiya da kanta, sa'an nan fumfuna ta fito daga jikinta. Sai a 1807 wani masani mai suna Prevost ya nuna a Faransa cewa burtuntunar alkama daga ƙwayar iri mai rai ta ke tsirowa, amma mutane ba su kula da maganarsa ba sai bayan shekaru da dama, sa'ad da wani Bajamushe, Anton de Bary, ya ƙara tabbatar da irin wannan bayani a 1853 da 1861. Har wa yau, na gaba suna da al'adun da suka rage musu ɓarnar ba tare da sun san dalili ba, kamar haɗa gyaɗa da gero ko dawa a gona ɗaya, da barin gona ta huta. Wanda bai sani ba, kuma ba shi da hanyar sani, babu laifi a kansa.

Amma mutane uku ne a wannan sha'ani, kada a haɗa su a kwando ɗaya. Na fari shi ne wanda labari bai iso gare shi ba. Na biyu shi ne wanda ya ga gonarsa tana raguwa, malamin gona yana zuwa garinsu, rediyo yana rataye a wuyansa, amma girman kai ya hana shi tambaya. Na uku shi ne wanda aka gaya masa, aka nuna masa, ya ce, "Haka muka taras." Na fari yana da uzuri cikakke. Na biyu uzurinsa ya ragu, gama rashin sanin da mutum ya zaɓa wa kansa ba ɗaya ba ne da wanda ya same shi. Na uku kuwa ba shi da uzuri, domin ba jahilci ke damunsa ba, ƙyuya ce ta sa rigar biyayya ga iyaye.

Wani zai ce, "Arziki na Allah ne, abin da aka rubuta maka shi za ka samu." Gaskiya ne, ba mai musun wannan. Amma mai faɗin haka ba ya barin ciyawa ta cinye gonarsa. Ya kan yi noman fari ya yi maimai, ya kan tura yara su kori tsuntsaye daga shinkafa, ya kan yi shinge sabo da awaki. Bai taɓa cewa korar tsuntsu jayayya ce da ƙaddara ba. To, mene ne bambancin tsuntsu da fumfuna, in ba cewa ɗaya ido yana ganinsa ɗaya ba ya gani ba? Ƙanƙantar ɓarawo ba ta mai da sata ƙaddarar da ba a taɓawa. Mutum ya yi iyakar abin da ke hannunsa, sa'an nan abin da ya zo ya karɓa da haƙuri.

Iyakar gona

Sai wani kuma ya ce, "To, na ji. Amma gonata ce, in na yi asara ni na yi, ina ruwan wani?" Wannan magana tana da ƙarfi, gama ba a so a shiga wa mutum dukiyarsa. Don mu auna ta, sai mu sauka daga tudu mu tafi bakin ruwa wajen masu albasa.

Tun kafin a datse kogin Kwara, Gungawa sun yi suna da noman albasa a tsibirai da gaɓar kogi, suna ɗibar ruwa da ƙwarya suna ba fangali. An fara ginin madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka gama a 1968, ruwa ya taru ya zama tabki, ya cinye tsibirai da garuruwa da yawa har da tsohuwar Bussa, aka ta da mutane wajen 44,000 aka sake musu mazauni. Sana'ar albasa ba ta mutu ba, ta bi mutane zuwa bakin tabki da fadamu. A irin waɗannan wurare ƙasa mai kyau kaɗan ce, masu sonta da yawa, sabo da haka fangalin wannan yana manne da na wancan, ɗan tudun ƙasa kaɗai ya raba su.

Albasa tana da tata cutar tabo. Ta kan fara da ɗan fari-fari a jikin lawashi, sa'an nan tsakiyarsa ta yi ja mai duhu kamar ruwan zoɓo, da zobe-zobe a kewaye. In tabon ya zagaye lawashi sai ya karye ya bushe, albasa ta tsaya ƙarama. Wani lokaci cutar ta kan sauka ta wuya ta shiga cikin albasa, sai an kai ta wurin ajiya ta ruɓe. Ta fi ƙarfi inda raɓa ta ke daɗewa a kan ganye, da inda aka cunkushe dashe iska ba ta ratsawa, da inda ƙwari suka riga suka yi wa lawashi rauni.

Yanzu a ce mutum ya ga wannan a fangalinsa. Ya tsinke lawashin da ya lalace ya watsar a kan iyaka, ko ya jefa a hanyar ruwan da ke bi ta wajen maƙwabcinsa. Ko kuwa yana da irin dashe da ya kamu, ya ɗaure shi dami-dami ya kai kasuwa ya sayar. Ko ya girbe nasa ya bar juji a wurin, na kusa da shi bai kai girbi ba tukuna. A duk wannan bai tsallake iyaka da ƙafarsa ba, alƙali ba zai same shi da laifin shiga gonar wani ba. Amma iyaka ƙasa ta ke rabawa, ba ta raba iska. Wanda ya kunna wuta a gonarsa da iska mai ƙarfi ba ya cewa, "A nawa na kunna." Kowa ya yarda da wannan domin hayaƙi yana tashi a gani. Cutar ganye wuta ce marar hayaƙi, hakkinta kuwa ɗaya ne da na waccan, daga ranar da mai gona ya san yadda ta ke tafiya.

Haka kuma shinkafa, wadda a ke nomawa da yawa a fadamun ƙasar Yauri. Tana da wani tabo mai ruwan ƙasa, ya fi kama ta a ƙasar da ta gaji, kuma yana bin iri daga shekara zuwa shekara. Wanda ya ba ɗan'uwansa irin da ya san daga gona mai cuta ya fito, ya ba shi cutar tare da kyautar. Kada a raina wannan tabo. A 1942 ya lalata shinkafa mai yawa a ƙasar Bengal ta Indiya, sa'an nan yaƙi da guguwa da tsadar abinci da sakacin hukuma suka haɗu da shi, aka yi yunwar 1943 wadda ta kashe mutane fiye da miliyan 2.

Ganyen magani

Mun ga hakkin mutum a kan kansa da iyalinsa, mun ga na maƙwabci. Saura wanda ya fi su nauyi, shi ne na majiyyaci. A kasuwar Yelwa da ta Wara, kamar sauran kasuwanninmu, akwai 'yan mai ganye da masu magani da su ke baza zogale da shuwaka da daddoya da filasko da ganyen dogon yaro da na gwaba da na mangwaro. Waɗannan ma shuka ne, su ma tabo yana kama su, musamman da damina. Fumfunar da ke yin tabon ganye galibi ba ta kama jikin mutum. Amma inda tabo ya ke, ganye ya mutu, kuma abin da a ke nema a cikinsa ya ragu. A Indiya, inda a ke noman filasko gona-gona, masu bincike sun auna sun ga ganye mai tabo bai kai lafiyayye ƙarfin magani ba. Ban da wannan, ganyen da aka tara da danshi bai bushe sosai ba ya kan yi wata fumfunar ta ajiya, waɗansu daga cikin irinta kuwa suna barin guba.

Mai sayen albasa yana iya juya ta ya matsa ya ajiye. Mai sayen garin magani ba shi da wannan dama. Da zarar ganye ya bushe ya shiga turmi, mai tabo da lafiyayye sun zama gari ɗaya, ba wanda ya san abin da aka daka sai mai taɓarya. Mai saye kuma ba ya cikin halin ciniki, hankalinsa yana wajen wanda ya baro kwance a gida. A nan babu shaida, babu ɗan doka, babu ma'auni. Amana ce tsagwaronta.

An ba da labari cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci a kasuwa, ya sa hannu cikin tsibin ya ji danshi. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi bai zarge shi a kan ruwan sama ba. Abin da ya tambaye shi shi ne don me bai sa jiƙaƙƙen a sama ba yadda mutane za su gani, sa'an nan ya yi kashedi mai tsanani a kan algus. Wannan ya raba mana gardama. Fitowar tabo a ganye ba laifin mai ganye ba ne. Laifi yana farawa a bakin turmi.

Kada kuma wani ya ce, to, sai a fesa wa ganyen magani irin abin da a ke fesa wa gyaɗa. Maganin feshi guba ne, yana da kwanakin da a ke jira kafin a taɓa amfanin, waɗansu ma ba a yarda a sa su a ganyen da a ke ci ba sam. Wanda ya fesa wa zogale yau ya tsinka gobe ya kai kasuwa yana sheƙi, ya fi mai daka ganye mai tabo laifi, domin ya gyara abin da ido ke gani da abin da zai cuci ciki. Hanyar ganyen magani ita ce a tsinki lafiyayye bayan raɓa ta ɗauke, a zubar da mai tabo, a shanya a inuwa inda iska ke ratsawa, a kan tabarma mai tsabta, a ajiye inda danshi ba ya kaiwa. Kwando zai ragu, lalle. Wannan ragin shi ne kuɗin amana.

Gwargwadon iko

Akwai magana ɗaya da ta rage, ita ce ta fi duka ban tausayi. Talaka zai ce, "Kun gaya mini cuta ce, kun hana ni kwanciyar hankalin da na ke da shi, ga shi kuwa ba ni da kuɗin magani ko na famfon feshi. Ashe ba gara da kun bar ni cikin rashin sani ba?" Ba za a yi wa wannan magana dariya ba. Amma ba a ɗora wa mutum abin da ya fi ƙarfinsa, kuma yawancin abin da a ke nema a nan ba ya cin ko kwabo. Tun da fumfunar gyaɗa ba ta cin gero da dawa da masara, wanda ya shuka gyaɗa bana ya sa hatsi a wurin baɗi da baɗin baɗaɗa, ya bar ta da yunwa. Ya tumɓuke gyauro duk inda ya gan shi. Ya binne ganyen da ya zube sa'ad da ya ke huɗa. Ya yi shuka da wuri da zarar ruwa ya zauna, don gyaɗa ta yi nisa kafin cutar ta yi ƙarfi. Mai albasa ya ba dashe tazara, ya zuba ruwa a gindi maimakon kan lawashi, ya haƙa rami ya binne wanda ya lalace, ya bar albasa ta sha iska wuyanta ya bushe kafin ajiya. Wanda ya ke da hali ya nemi iri mai jure cuta, kamar waɗansu daga cikin gyaɗar da Samaru ta fitar da sunan SAMNUT, ya kuma nemi shawarar malamin gona a kan feshi.

Nauyin kuma ba a kan manomi kaɗai ya ke ba. Wanda ya sani ya yi shiru yana da nasa kaso. Malamin gona da ya zauna a ofis, da mai kantin da ya sayar da maganin ƙwari ga wanda fumfuna ke damunsa don dai kuɗi su shigo, da mai ilmin da ya ga gonar kawunsa tana kakkaɓewa ya wuce, duk suna cikin lissafi.

Kai ma mai karatu, da ka fita daga ajin yaƙi da jahilci, kana ciki. Kana iya karanta abin da aka rubuta a jikin ƙunshin magani: wace cuta ya ke kashewa, nawa a ke zubawa, kwana nawa a ke jira, da ko an yarda a ba dabbobi harawar da aka fesa. Maƙwabcinka da bai iya ba yana da hakki a kan idonka. Kana kuma iya yin abin da ya fi wa'azi amfani. Ka ware 'yan kunyoyi a inda aka yi hatsi bara, ka bi da su yadda aka faɗa, ka bar waɗansu daidai yawansu a tsohon wurin gyaɗa kamar yadda aka saba. Ran cira ka auna ko wane da mudu ɗaya a gaban mutane, ka rubuta a littafi, baɗi ka sake. Shi ke nan ka sa miƙaƙƙen layi kusa da karkatacce, asarar da ba ta taɓa shiga littafi ba ta shiga.

To, ga amsar tambayarmu. Ɓarnar da mutum ya gada bai san ɓarna ba ce, babu zargi a kansa. Amma sani ba ya shiga gida ya fita ya bar shi yadda ya same shi. Daga ranar da ka ji, ka zama mai bashi: iyalinka suna binka buhunan da ke ɓacewa, maƙwabci yana binka tsabtar iskar da ke fitowa daga gonarka, majiyyaci yana binka gaskiyar abin da ke cikin turmi. Ko wane kuwa za ka biya shi gwargwadon ikonka. In ka gama da gona, sai ka juyo gida da kasuwa ka duba, ko akwai wani abu da mu ke kira al'ada ko halin zamani, alhali kuwa tabo ne da ya daɗe har ya zama ɗan gida. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba mu idon ganin abin da muka saba da shi.